Gizo-gizon da Ba Ya Jiran Tarko: Tambayoyi da Amsoshi kan Dangin Lycosidae

Duk wanda ya taɓa ɗaga dutse a gona, ko ya yaye tarin karan dawa bayan kaka, ya ga wani gizo-gizo mai launin ƙasa ya zura a guje ya shige ciyawa. Sau da yawa ɗan dangin da masana ke kira Lycosidae ne. Gane dangin abu ne mai sauƙi, yaro ma zai iya in aka nuna masa sau ɗaya. Wahalar tana wajen rarrabe 'ya'yan dangin, wannan ɗan gidan wa ne, wancan ɗan gidan wa ne. Aikin ya haura shekara 200 ana yinsa, kuma a Afirka ne ya fi saura.

Wane irin gizo-gizo ne wannan, kuma me ya haɗa shi da kerkeci?

Mafarauci ne na ƙasa. Galibinsu ba sa kafa yana su zauna jiran ƙuda. Wasu yawo suke yi suna neman abinci, wasu kuma su laɓe a bakin rami, ƙwaro na giftawa su yi wuf su danne shi. Abincinsu gyare, ƙananan fara, gara, tsutsotsi, har da 'yan uwansu gizo-gizo in ta kama.

Sunan dangin daga kalmar Girkanci ta kerkeci aka samo shi, domin mutanen Turai na da sun ga ƙananansu suna guje-guje da yawa a fili ɗaya, suka zaci farautar gayya suke yi. Ba haka ba ne. Kowane ɗaya shi kaɗai yake farautarsa, kuma babba ba ya ƙin cinye ƙarami.

Ta yaya zan tabbatar shi ne?

Kada ka dogara da launi. Kusan dukkansu ruwan ƙasa ne ko ruwan toka, da ratsi ko babu, kuma akwai wasu dangogin masu irin wannan shiga. Fuska za ka duba. Idanunsa 8 ne a layi 3: ƙanana 4 a jere a ƙasa, manya 2 a samansu suna kallon gaba, sai wasu 2 matsakaita can bisa kai suna kallon gefe da baya. Manyan biyun nan, ko a hoton waya ana ganinsu ƙuru-ƙuru.

Da dare kuma abin ya fi sauƙi. Ka ɗauki tocila ka kara ta a gefen goshinka, daidai da idonka, ka haska fili mai gajeriyar ciyawa. Za ka ga wasu 'yan ɗigo-ɗigo suna ƙyalli, kore-kore ko shuɗi-shuɗi, har ka ɗauka raɓa ce. Ka tsayar da hasken a kan guda ɗaya ka taka a hankali har ka tsuguna a kansa: sai ka tarar da shi ya kafe a kan ƙafafunsa takwas, bai ko motsa ba. A bayan idanunsa akwai wani shimfiɗi mai mayar da haske, irin wanda ke idon kyanwa, shi ke taimaka masa gani cikin duhu. In ka riƙe tocilar a ƙasa daidai ƙugu ba za ka ga komai ba, domin hasken ta hanyar da ya zo yake komawa.

Mene ne farin ƙullin nan da wasu ke ja a bayansu?

Jakar ƙwai ce, kuma wadda ke janta uwa ce. Takan shimfiɗa zare a ƙasa, ta zuba ƙwai a kai, daga 'yan gomiya zuwa sama da 100 gwargwadon nau'inta, ta rufe da wani zaren, ta mulmula shi ya zama ƙwallo, sannan ta liƙa shi a gaɓoɓin da zare ke fita a ƙarshen cikinta. Da shi take yawo, da shi take farauta, tana ɗan ɗaga ciki don kada ya goge ƙasa. Masu zama a rami sukan fito da shi bakin ramin su shanya a rana.

Idan lokaci ya yi, uwar ce ke yaga jakar da bakinta. 'Ya'yan su fito su bi ƙafafunta su hau baya, su yi cincirindo wani kan wani har a kasa ganin launin cikinta. A 1973 Jerome Rovner da abokan aikinsa suka nuna cewa bayan uwar na da wasu gasu na musamman masu ƙulli a kai, su na ƙasa ke riƙewa. Goyon kan ɗauki mako guda ko biyu. A tsawon wannan lokaci ba sa cin komai, ragowar gwaiduwar da ke cikinsu ce ke riƙe su, sai dai sukan sauka su sha ruwa su koma. Daga nan kowa ya kama gabansa. Wasu kan hau kan ciyawa su saki zare iska ta tafi da su.

Jean-Henri Fabre, masanin ƙwari na kudancin Faransa, ya gwada ƙwace jakar daga wata babbar uwa 'yar wannan dangi, irin da ake kira Lycosa. Uwar ta yi ta neman abinta, da ya miƙa mata ƙwallon totuwar kwalba sai ta karɓa ta liƙa ta ci gaba da ja. Wannan goyo na cikin manyan hujjojin da suka sa masana suka yarda cewa dangin tushensa ɗaya ne.

Ina matsayinsa a tsarin rabe-raben halittu?

Abu na farko, gizo-gizo ba ya cikin rukunin ƙwari masu ƙafa 6 irin su fara da ƙuda. Ƙafarsa 8, jikinsa kashi 2, ba shi da fuffuke. Rukuninsa shi ne Arachnida, tare da kunama da kaska. A cikin wannan rukuni gizo-gizo duka suna ƙarƙashin Araneae, wanda a watan Afrilu na 2022 adadin nau'o'insa masu suna ya cika 50,000. An kasa su dangi-dangi sama da 130, Lycosidae ɗaya ne daga cikin manya. A nan za mu riƙa cewa dangi, ƙarƙashinsa reshe, ƙarƙashin reshe gida, ƙarƙashin gida nau'i. Sunan kimiyya kalma biyu ne: ta farko sunan gida, ta biyu ta nau'i.

Tarihin sunayen ya faro daga ƙasar Siwidin. Carl Clerck ya bayyana wasu daga cikinsu a 1757, har da wanda yau ake kira Pardosa amentata. A 1758 Linnaeus ya raɗa wa wani babba daga cikinsu da ke Italiya suna Aranea tarantula. Pierre André Latreille na Faransa ya kafa gidan Lycosa a 1804, sai Carl Jakob Sundevall, shi ma mutumin Siwidin, ya ɗaga su zuwa dangi a 1833. Yau kundin gizo-gizo na duniya, wanda Norman Platnick ya fara ɗorawa a intanet daga New York a 2000 kuma gidan tarihin halittu na birnin Bern a Suwizalan ya karɓi riƙonsa a 2014, yana lissafa nau'i sama da 2,400 a gidaje fiye da 120. Gidan Pardosa kaɗai ya haura nau'i 500.

Rassa nawa ne a dangin?

Kimanin 10, kuma lissafin ya sha hawa da sauka. Charles Dondale na Kanada ya tsara guda 5 a 1986: Lycosinae, Pardosinae, Allocosinae, Sosippinae da Venoniinae. Shi ne kuma ya tsayar da alamomin da ke haɗa dangin: tsarin idanu, jan jakar ƙwai da goyon 'ya'ya, da rashin wani ɗan tsini da mazan dangogin da ke kusa da su ke da shi a gaɓar barbara. Wasu masanan sun kawo ƙarin rassa, kamar Evippinae na mazauna hamada, da Artoriinae da Volker Framenau ya kafa a 2007 don na yankin Ostareliya. A 2019 Luis Piacentini da Martín Ramírez na Ajantina suka auna dangin da ƙwayoyin gado, suka tabbatar da galibin rassan, suka narkar da Wadicosinae cikin Pardosinae, Piratinae kuma cikin Zoicinae.

Ga mai karatu na yau da kullum, biyu sun isa a fara da su. Lycosinae su ne manya masu kauri, da yawansu masu haƙa rami. Pardosinae ƙanana ne masu siraran ƙafafu, su ne ake gani da rana tsaka suna tsere a bakin rafi da cikin fadama.

Me ya sa sunayensu ke ta canzawa? Littafi ya ce Lycosa, intanet ta ce Hogna.

A nan gizo ke saƙar. Jikin waɗannan halittu bai cika bambanta ba. Na Sahara da na Amurka da na Ostareliya duk fasalinsu kusan ɗaya. Saboda haka masanan ƙarni na 19, duk babban mafarauci mai launin ƙasa da matafiya suka kawo musu cikin kwalba, sai su rubuta Lycosa. Gidan ya zama ɗakin shirgi, kowa ya rasa inda zai ajiye kayansa sai ya jefa a ciki. Alhali Lycosa na gaskiya su ne waɗanda suka haɗa tushe da na Italiyan nan, kuma mazauninsu kewayen Bahar Rum ne zuwa tsakiyar Asiya.

Carl Friedrich Roewer na Jamus ya yi yunƙurin gyara. A 1959 da 1960 ya fitar da babban aiki a kan samfuran da aka tara a gandun dajin Upemba na ƙasar Kwango, ya faɗaɗa shi ya haɗa na Afirka da ma duniya, ya kafa gidaje masu yawa. Ya yi aiki tuƙuru, wannan ba a musu. Amma ma'aunin da ya dogara da shi bai da ƙwari: tazarar da ke tsakanin idanu, yawan haƙoran da ke gefen fiƙa, yawan ƙayoyin ƙafa. Waɗannan abubuwa kan bambanta ko tsakanin 'ya'yan uwa ɗaya, wani lokaci ma tsakanin hagu da dama a jikin gizo-gizo guda. Sakamakon haka aka raba 'yan uwa na jini zuwa gidaje daban-daban, aka cusa bare da bare a gida ɗaya. Wasu nau'o'in ma a kan mace guda tak aka bayyana su, ko a kan ɗan da bai balaga ba.

Ƙasashen da ke da masana da kuɗin bincike sun yi nisa wajen warware nasu. A Ostareliya, Framenau da abokan aikinsa sun yi shekaru suna kwashe nasu daga Lycosa suna mayar da su gidajen ƙasar kamar Tasmanicosa, Hoggicosa da Venatrix, sunayen Roewer ne amma an sake musu iyaka a kan hujja. A Amurka, Allen Brady ya cire wasu daga Hogna a 2012 ya kafa musu Tigrosa. A Afirka kuwa, in aka ɗebe gidaje kaɗan, har yanzu kan tsarin 1960 ake tafiya. A ganina wannan ne giɓi mafi girma a ilmin dangin, kuma abin damuwa ne cewa nahiyar da ta fi kowa filayen ciyawa ita ce aka bari a baya. Saboda haka in ka ga an rubuta Lycosa ko Hogna a kan gizo-gizon Afirka ta Yamma, ka riƙe sunan a matsayin na wucin gadi.

To da me ake rarrabe nau'i da nau'i yanzu?

Da gaɓoɓin haihuwa. Namiji na da gajerun hannuwa biyu a gefen baki masu kumburi a kai, da su yake kai maniyyi ga mace. Mace kuma na da wani ɗan tauri a ƙasan cikinta, wurin shigarsa. Siffar waɗannan tana da sarƙaƙiya, kowane nau'i da tasa, kuma sai a ƙarƙashin madubin likita ake ganinta. Shi ya sa ɗan da bai balaga ba ba ya tantancuwa.

Wani lokaci wannan ma ba ya isa. A Amurka akwai Schizocosa ocreata da Schizocosa rovneri. Matansu ba a iya bambanta su, gaɓoɓin mazan ma kusan ɗaya ne. Namijin ocreata na da tuntun baƙin gashi a ƙafafun gaba yana ɗaga su yana kaɗawa, na rovneri ba shi da tuntu, jikinsa yake bugawa a kan busasshen ganye. Gail Stratton da George Uetz sun nuna a 1981 cewa mace ba ta amsa sai kiɗan nata nau'in. Ke nan salon zawarci shi ne katangar da ta raba su. Yau ana haɗa hujja uku: siffa, ɗabi'a, da ƙwayoyin gado.

Shi ne tarantula?

Asalin mai sunan ɗan wannan dangi ne: Lycosa tarantula, na kewayen garin Taranto a kudancin Italiya. Mutanen yankin sun daɗe da imanin cewa wanda ya ciza sai ya yi ta rawa har ya jiƙe da gumi kafin dafin ya sake shi, kuma ana danganta rawar tarantella da wannan. Cizonsa bai kai nan ba. Daga baya Turawa suka ɗora sunan a kan manya-manyan masu gashi da suka tarar a Amurka, dangin Theraphosidae, wanda mu ma muna da su a Afirka. Tsakaninsu da Lycosidae akwai nisa ƙwarai: fiƙoƙin Theraphosidae ƙasa suke sara, na Lycosidae kuwa haɗuwa suke yi daga gefe da gefe.

Da su wa aka fi rikita shi?

Kama da wane ba ta wane. Dangin Pisauridae na kusa da su, amma uwar a baki take ɗaukar jakar ƙwai, kuma ba ta goyo, ɗaki take saƙa wa 'ya'yan a jikin ciyawa. Dangin Ctenidae idanunsu 2, 4, 2 ne a jere, kuma cikinsu ne ake da Phoneutria na Kudancin Amurka mai mugun dafi. Faffaɗan nan da ke manne a bango ko bayan labule, ƙafafunsa sun baje gefe, galibi ɗan Sparassidae ne ko Selenopidae. Na Lycosidae ba gwanin hawan bango mai santsi ba ne. In ya shigo ɗaki a ƙasa za ka gan shi.

Da gaske babu mai saƙa a cikinsu?

Akwai. Gidan Hippasa na Afirka da Asiya yana shimfiɗa yana a kan ciyawa, da wani mazurari a gefe inda yake ɓuya. Da sassafe lokacin damina, in raɓa ta kwanta, ana ganin irin wannan saƙa fara fat a bakin hanya. Haka Sosippus da Aglaoctenus a nahiyar Amurka. Masana sun yi saɓani a kan ko saƙar gadon kakanni ce da sauran suka watsar, ko kuwa waɗannan gidajen ne suka koma mata daga baya. Sauran ma ba su rabu da zare ba, da shi suke yin jakar ƙwai da shafen bangon rami.

Dangin ya shiga ko'ina. Pirata na gudu a kan ruwa. Geolycosa kusan duk rayuwarsa a rami yake yi. A rairayin gaɓar Yurugai akwai wani Allocosa da namiji ke haƙa dogon rami, mace ce ke zuwa nemansa, in an daidaita ya bar mata ramin ta yi ƙwai.

Akwai su a ƙasar Hausa?

Ƙwarai kuwa, irin ƙasarmu ce ma wurinsu. Rudy Jocqué da Mark Alderweireldt na Beljiyam sun kira su gizo-gizon filin ciyawa a wani nazari na 2005, suna masu cewa dangin ya bunƙasa ne tare da yaɗuwar ciyawa a duniya. Binciken Piacentini da Ramírez na 2019 ya ƙarfafa wannan: ya ƙiyasta shekarun dangin da kusan miliyan 50, wanda a lissafin gizo-gizo ƙuruciya ce, kuma yawaitarsu ta zo ne lokacin da kurmi ya ja baya fili ya buɗe. A cikin kurmi mai duhu ba su da yawa. A saura, da gonar gero, da fadama, da bakin gulbi kuwa, suna cikin mafarautan da suka fi yawa a ƙasa.

Gidajen da aka sani a filayen Afirka sun haɗa da Pardosa da Wadicosa a wuri mai laima, Evippa a busasshiyar ƙasa da hamada, Ocyale mai launin yashi a kan rairayi, da Hippasa cikin ciyawa. Alderweireldt ya sake nazarin Evippa na Afirka a 1991 da Ocyale a 1996, shi da Jocqué kuma suka yi na Hippasa a 2005. Samfuran da aka yi irin waɗannan ayyuka da su galibi suna ajiye a Turai, musamman gidan tarihin Tervuren kusa da Brussels. Ɗalibin ilmin dabbobi a Zariya, Kano, Sakkwato ko Maraɗi da zai tara na yankinsa da kyau, aikinsa zai yi amfani har a wajen ƙasarsa.

Cizonsa na da haɗari?

Yana da dafi, da shi yake kashe ƙwari, amma ga mutum abin kan tsaya ne a zafi, ja, ɗan kumburi da ƙaiƙayi. Ba ya cizo sai an matse shi. A Birazil an daɗe ana zarginsu da ruɓar da fata, har aka yi ta haɗa musu maganin dafi. Nazarin mutum 515 da suka ciza, wanda aka buga a 1990 daga São Paulo, bai sami ruɓewa ko ɗaya ba. Mai laifin wani gida ne na wani dangin daban, Loxosceles. A Ostareliya ma Geoffrey Isbister da Framenau sun bi diddigin cizo 45 a 2004, sakamakon ɗaya ne.

Kurajen da akan wayi gari da su a ce tautau ne, sau da yawa ba gizo-gizo ba ne. Akwai wani siririn ƙwaro mai ja da baƙi da ke bin hasken fitila, in aka murje shi a jiki ruwansa na ƙona fata. Wanda aka ciza ya wanke wurin da sabulu ya sa abu mai sanyi. In ciwon na faɗaɗa, ko zazzaɓi ya biyo baya, ko numfashi na sarƙewa, a tafi asibiti ba tare da jinkiri ba.

Yana da wani amfani ga manomi?

Babba ma. A gonakin shinkafa na Asiya, Pardosa pseudoannulata na cikin manyan masu cin wani ƙaramin ƙwaro mai tsotse ruwan shinkafa har ta ƙone. Da aka yawaita feshi, maganin ya kashe mafarautan, ƙwaron kuma ya dawo da ƙarfinsa fiye da da. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Abin ya kai ga gwamnatin Indunisiya ta hana amfani da magungunan ƙwari 57 a kan shinkafa a 1986. Masu noman rani a fadamunmu ya kamata su duba gona kafin su ɗauki famfon feshi. Ƙona ciyawar kan iyakar gona ma na cinye mafakarsu.

Akwai waɗanda ke fuskantar ƙarewa?

Akwai, musamman na tsibirai. Hogna ingens, wanda jikinsa kan kai santimita 4, a kwari ɗaya tak yake rayuwa a tsibirin Deserta Grande kusa da Madeira ta ƙasar Fotigal. Wata baƙuwar ciyawa ta toshe tsagogin duwatsun da yake ɓuya, aka sa shi a jerin mafi shiga haɗari a 2014, gidan namun dajin Bristol na Ingila kuma ya fara kiwonsa a 2016. A tsibirin Kauai na Hawaii akwai Adelocosa anops, mazaunin kogo, wanda ba shi da ido ko ɗaya. An gano shi a 1971. Siffar jikinsa da goyon 'ya'yansa ne suka tabbatar da danginsa.

Ina so in san sunan wanda na gani. Me zan yi?

Ka kifa masa kofin gilashi ka zura takarda ta ƙasa. Ka ɗauki hoto uku: fuska daga gaba don idanu, baya daga sama, da ciki ta ƙasan gilashin, ka ajiye wani abu da aka san girmansa a gefe, kamar ashana. Ka rubuta gari, rana, da irin wurin: yashi, laka, rami ko ciyawa. Da wannan masu sani a iNaturalist, dandalin intanet da ake ɗora hotunan halittu don a tantance su, za su iya tabbatar maka da dangi, wani lokaci har gida. Nau'i kuwa sai da baligi a hannu, namiji ya fi, a ajiye shi cikin sinadarin itanol mai ƙarfin kashi 70 zuwa 80 cikin 100, da 'yar takarda a cikin kwalbar da aka rubuta bayanin da fensir, domin tawadar biro narkewa take yi. In ba nazari za ka yi ba, ka kai shi bayan gida ka sake shi cikin ciyawa, musamman uwa mai jaka ko mai goyo.